Zanen da Ya Kwana a Kwamfutar Sabitu

Akwai wani matashi a unguwar Ɗan Iya mai suna Abdulbaƙi, wanda ya shafe shekaru a Fatakwal yana buga-buga kafin ya dawo Bauchi. Ya tarar filin da suke buga ƙwallo ya zama gidan mai. Mai shayin bakin layi ya koma cajin waya. Ƙanwarsa Khairat, da ya bari da kayan firamare, yanzu ita ke gaya masa inda ake hawa keken Yelwa. Inna, mahaifiyarsa, kuwa gwiwa ta fara hana ta zuwa kasuwar Muda Lawal da kanta.

Mutum ne da ƙafarsa ba ta son zama wuri ɗaya, amma wannan karon ya yi alkawari: "Inna, in na samu abin yi a garin nan, na daina yawo." Abin da ya iya kuwa zane ne.

Ya nemi amininsa na ƙuruciya, Sabitu, mai shagon buga fosta da katin biki a Yelwa, ya raka shi sayen allon zane na zamani. Mai kanti ya fito musu da iri biyu. Ɗaya kamar babbar waya, kana zane kana gani, kuma yana ajiye aikinka. Ɗayan ƙarami ne baƙi, na masu farawa, ba ya nuna komai, ba ya ajiye komai, sai an jona shi da kwamfuta.

"Kai ɗan Fatakwal, daina kallon wancan, ba sa'anka ba ne," in ji Sabitu yana dariya. "Ɗauki ƙaramin. Ga kwamfuta a shagona tana hamma. Ni da kai akwai naka da nawa ne?"

Haka aka yi. Da farko abin ya ba shi wuya, hannu a kan allo, ido a kan kwamfuta. In ya ce zai zana ƙwai, dankali ke fitowa, Sabitu ya yi ta tsokanarsa. Amma sannu a hankali hannu ya faɗa. Ya zana akuya tana satar kayan miya, ya zana mai rake, ya zana yarinya tana gara taya ɗankwalinta na tashi.

Kullum da yamma sai ya cire allonsa ya jefa a jaka, ya ɗauki hoton aikin ranar da waya. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ainihin zanen a kwamfutar Sabitu yake kwana ba.

Wata rana Khairat ta zo masa da labari: Madam Felicia, mai wata makarantar yara, tana neman wanda zai riƙa zana mata hotunan littattafan karatu, aiki mai ɗorewa. Abdulbaƙi ya goge kaftaninsa, ya je, ya miƙa mata waya.

Ta duba, ta ɗago ta dube shi. "Malam, ka ce kai ka zana akuyar nan?"

"Ni ne, Madam."

Sai ta nuna masa bango. Ga akuyarsa an buga ta ƙatuwa, kuma a ƙasa, inda masu shagon bugu kan sa sunansu da lambar waya, an rubuta: Zane da bugu, Sabitu.

"Shi ya kawo min, na kuma ba shi aikin," in ji ta. "Ɗaukar hoton aikin wani da waya ba shi ne zane ba. Ka ji tsoron Allah, ɗana."

Malamai biyu na tsaye suna ji. Aka mai da shi ɓarawon abin da hannunsa ya yi.

A shago ya sami Sabitu yana cin gyaɗa.

"Haba mutumina, kamar baƙo? Duk abin da ya fita daga injina sunan shago yake ɗauka. Haka ake yi."

"Ka gaya mata ni na zana?"

"Ba ta tambaya ba. Kuma wutar janareton wa ka sha? Ka ci gaba da zanenka kawai, ni in riƙa kai mata, in ɗan ba ka na sabulu."

Abdulbaƙi bai ɗaga murya ba. Ya zare igiyar jona allonsa da ya saba bari a jikin kwamfutar, ya fita.

Da Madam ta nemi sauran hotunan, Sabitu ya sayi irin allon, ya zauna da kansa. Abin da ya fito kamar kaza ta yi tono. Madam ta ƙwace aikin, ta ce ba ta san mai gaskiya a cikinsu ba, ba ta kuma da lokacin shari'a. Ta ba wani a Jos.

A ranar, Sabitu ya yi sallama a ƙofar gidansu Abdulbaƙi, murya ƙasa-ƙasa: "Ka rufa min asiri, mu je ka ce mata tare muke aiki."

"Ai da ka faɗa tun farko, da gaskiya ce," in ji Abdulbaƙi, ya koma ciki.

Inna na zaune a kan tabarma tana kallonsa yana naɗe allon cikin riga yana cusawa a jaka.

"Tafiyar ce kuma?"

Ya kasa haɗa ido da ita. "Motar Kaduna da safe take tashi, Inna."

Ta dafa bango ta miƙe, ta je ƙulla masa yajin guzuri.

Darasi: Wanda ya ci amanar amininsa don ya mallaki abin da ba zai iya riƙewa ba, ya rasa abin, ya rasa aminin, kuma wasu da ba su ji ba su gani ba su sha wahalar. Kai ma ka san inda guminka yake kwana, ko da a hannun masoyi ne. Ku tura wa wasu, wataƙila wani ya farga.