Rijiyar Zango da Takardar Waziri Tanimu

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafai, Allah ne Masanin gaskiya, cewa an yi wani sarki a Birnin Kargo ana kiransa Sarki Damau. Mutum ne mai son talakawansa, sai dai tsufa ya kama shi, har ya bar al'amuran gari a hannun majalisa, wadda Waziri Tanimu ke shugabanta. Abin da majalisa ta yanke Waziri ya kawo a rubuce, Sarki ya buga hatimi.

A birnin akwai wani madugu mai fataucin kanwa da gishiri, sunansa Ɗangoje. Ya yi tafiyar shekara biyu. Ran da ya dawo ya nufi Unguwar Zango, inda ayari ke sauka tun kakanni, inda kuma gidansa yake. Tun daga nesa wari ya tarye shi. Da ya iso sai ya ga filin da raƙuma ke durƙusawa ya zama ramukan jima, ga fatu a shanye ko'ina, baƙin ruwa yana gangarowa har gindin babbar rijiya. Ya sa aka ja guga, ruwan ya fito da kumfa. Raƙuman da suka yi kwana goma ba su sha ba suka sunsuna, suka kau da kai.

Ya shiga gida ya tarar da matarsa ta rame. Ya tambayi 'yarsa Ladiyo, wadda ya bari tana koyon tafiya. Sai matar ta kama hannunsa ta kai shi bayan unguwa. Can ya ga ƙananan kaburbura sababbi a jere, ta nuna masa na huɗu.

Ko kaya Ɗangoje bai sauke ba, ya wuce fada, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na zo in ji laifin da mutanen Zango suka yi, da aka shayar da 'ya'yanmu ruwan jima."

Sarki ya gyara zama ya ce, "Wane ruwan jima? Ai majema suna bayan Ƙofar Yamma."

Ɗangoje ya ba da labari duka. Sarki ya juya ya dubi Waziri.

Waziri ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, bara manyan attajirai suka gina gidaje kusa da Ƙofar Yamma, suka kawo kukan wari. Majalisa ta duba zanen gari, ta ga babu fili kamar na Zango, ta mayar da majema can. Wallahi ban san an yi rashi ba."

Sarki ya ce, "Ina masu yasar rijiya? Ba su gani ba?"

Ya ce, "An sallame su, Allah ya taimake ka. Abin da ake ba su aka juya wajen ƙawata ƙofar."

Sarki ya ce, "To, Mai Unguwar Zango fa? Me ya hana shi zuwa ya gaya mini?"

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "An soke muƙaminsa, an haɗa Zango da wata unguwa. Duk a takarda ɗaya ne."

Aka ɗauko takardar. Sarki ya dubi hatiminsa a ƙasanta. Ya ce, "Ashe da hannuna na toshe kunnena. Wa zai gaya mini yadda dattawa goma sha biyu masu hankali suka zauna suka yanke wannan?"

Sai Ɗangoje ya ce, "Akwai wani tsoho a ƙofar fada, Baba Ƙosau, shugaban masu yasar da aka sallama. An ce sau uku yana zuwa dogarai na korarsa."

Aka shigo da tsohon. Ya yi gaisuwa ya ce, "In Sarki ya yi izini, zan amsa da labarin da na ji daga kakana."

Sarki ya ce, "Faɗi, Baba."

Ya ce: "An yi wani hakimi a wani gari na kudu, mai son tsari ƙwarai. Ya sa aka zana masa garin a kan fatar saniya, aka shimfiɗa a zaurensa. Wata rana ya ga kasuwa ta matse, ya kuma ga wani faffaɗan fili a zanen babu komai, sai ya ɗora yatsa ya ce nan za ta koma. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta tare manzonsa ta ce, 'Ɗana, ka gaya wa hakimi wurin nan hanyar ruwa ce, shi ya sa kakanninmu ba su gina ba.' Manzo ya ji nauyin kai maganar mai awaki gaban hakimi, ya yi shiru. Aka kafa rumfuna da rani, kowa na yabo. Ruwan farko da ya sauko daga duwatsu ranar kasuwa ce. Ya tafi da rumfuna, da hatsi, da mutum talatin. Hakimin ya tsaya a bakin kwari da fatar zanen a hannu yana cewa shi bai ga gangare a ciki ba."

Tsohon ya numfasa ya ce, "Zaki, dattawanka ba mugaye ba ne. Zane suka duba. Da ɗayansu ya taka ya je Zango, da ya ga filin yana sama, rijiya tana ƙasa. Da sun kira ni, ko Sarkin Jima, ko matan da ke ɗiban ruwa, da kalma ɗaya ta isa. Majeman ma 'ya'yansu uku suna cikin kaburburan nan."

Waziri ya rufe fuskarsa da hannun riga.

Sarki ya miƙe, ya ƙi a kawo masa abin hawa, ya taka da ƙafa har Zango, majalisa na biye. Ya leƙa rijiyar, ya tsaya a kan kaburburan, ya yi wa Ɗangoje da sauran iyaye ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafararsu. A nan tsaye ya yi hukunci. Ya ce a nemi wa majema wuri a ƙasan gari inda su da masu yasa suka yarda, a haƙa sabuwar rijiya da abin da aka ware wa ƙofa, a mayar da Mai Unguwa da masu yasa bakin aikinsu. Waziri kuwa ya umarce shi ya tare a Zango da iyalinsa har ranar da aka sha ruwan sabuwar rijiya.

Ya naɗa Baba Ƙosau Sarkin Ruwa, ya ba shi wurin zama a majalisa. Ya kafa doka cewa ba za a sake kawo masa takarda a kan wata unguwa ba sai waɗanda suka rubuta ta sun taka ƙasarta, sun karanta wa mutanenta a bainar jama'a. Ya so ya yi wa Ɗangoje kyauta, madugun ya ce, "Allah ya ƙara maka nasara, abin da na rasa ba ya cikin taskarka. A bar ni dai in sa hannu a haƙar rijiyar." Shi ya fara saran ƙasa.

Masu ruwaya suka ce darasin shi ne, duk wanda aka ɗora wa tsara zaman mutane, ya je ya ga inda suke zaune, ya saurari mafi ƙanƙantarsu, kada kuma ya kori wanda zai gaya masa in ya yi kuskure. Nan abin da ya iso gare mu na wannan hikaya ya tsaya. Allah ya jiƙan magabata.