Ɗakin Maganin da Gabdo Ya Ƙi Ginawa

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Miriyamu a wani ƙauye can gaba da Gella. Asibitin nata ɗaki biyu ne, rufin yana yoyo, babu wuta, babu wurin gwajin jini. Masu ɗauke da cutar ƙanjamau su arba'in da ɗaya ne a hannunta, kuma kowane wata sai sun hau mota har cikin garin Mubi kafin su samu magani.

Da wata ƙungiyar Turawa ta kawo tallafin yaƙi da cutar, aka damƙa shi hannun kwamitin da Alhaji Gabdo yake shugabanta. Miriyamu ta je har gidansa a unguwar Yelwa cikin Mubi, ta roƙe shi a gina ɗakin ajiyar magani mai wutar sola, a horar da mutum biyu, a riƙa ajiye maganin wata uku a ƙauyen.

Dariya ya yi mata. Wai gini ba ya fitowa da kyau a hoto, Turawa taro suke son gani. Haka aka yi shekara huɗu ana buga riguna da huluna, ana kiɗa, ana cin shinkafa a otal. Wallahi abin kunya ne, mutane suna mutuwa ana raba riga.

Abin da ke cin ran Miriyamu shi ne, yayar Gabdo, Adda Habibat, tana cikin arba'in da ɗayan nan. Ta sa Miriyamu ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Don haka duk ranar da ta koma roƙonsa ya kore ta, sai dai ta haɗiye maganar ta fito.

A ƙarshen 2014 'yan bindiga suka shiga Mubi. Ma'aikata suka watse, hanya ta rufe, jama'a suka kwararo ƙauyuka da ƙafa. Maganin mutanen Miriyamu ya ƙare ɗaya bayan ɗaya. Adda Habibat, wadda dama jikinta ba ƙwari, tari ya kama ta. Miriyamu ta san tarin fuka ne, amma da me za ta gwada, da me za ta yi magani? Farasitamol kaɗai ya rage mata. A hannunta matar ta cika.

Bayan ƙura ta lafa Gabdo ya dawo daga Yola inda ya gudu. Ya faɗo asibitin yana kumfar baki, wai sakacin Miriyamu ne ya kashe masa 'yar'uwa, sai ya sa an kore ta.

Ta buɗe durowa ta miƙa masa katin da marigayiyar take karɓar maganin ƙanjamau da shi, shekara shida cur.

Ya karanta katin, ya dube ta. "Me ya sa ba ki gaya mini tana ciki ba? Ai da na gina."

"Alhaji, mutum tara na binne, ba ita kaɗai ba. Sauran takwas ɗin ba su da ƙanne ne?"

Ya nemi benci ya zauna, ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Taro da riga ba sa riƙe ran mara lafiya. A gina asibiti, a horar da ma'aikata, a kai magani kusa da mutane tun ana zaman lafiya, kada a jira sai abin ya taɓa gidan mai mulki. Ku tura wannan har ya kai ga masu riƙe da amanar jama'a.