Dogon Takun Mutanen Kukar Dila

"Malam, ɗaga ƙafa mana! Awon gona kake ko neman allura?"

"Ke Tabawa, kama bakinki. Wannan ƙafar gwamnati ce, ba a yi mata tsawa."

"Ƙafar gwamnatin ce ba ta buɗewa sai ta ci kaza?"

Af! Yara, na faro muku daga tsakiya. Ku matso. Dalilin da ya sa mu mutanen Kukar Dila muke tafiya da dogon taku kamar raƙuman da aka biyo da bulala, har ake nuna mu a tasha, shi zan gaya muku.

Da can tafiyar mutane muke yi. Sai Turawa suka zo da haraji, suka ce kowa zai biya gwargwadon girman gonarsa. To da me za a auna? Da ƙafa. Aka naɗa malamin taki, wato mai awo da taku, ya taka gonarka daga wannan kunya zuwa waccan yana ƙirgawa. Yawan takunsa, yawan harajinka.

Namu malamin sunansa Malam Barmo, gajere mai tumbi, kuma ƙafafunsa sun san mutunci. In ka aika masa kaza, sai ka ga ya tattare riga yana wage ƙafa, fau, fau, kafin ka yi atishawa ya gama da gonar. In ba ka aika ba, sai ya koma amarya ranar kai ta ɗaki: ɗis, ɗis, ɗis, dunduniya na sumbatar ɗan yatsa.

Tabawa mai ƙosai da mijinta Cindo suna da 'yar gonar gyaɗa, wadda in akuya ta kwanta a ciki sai wutsiyarta ta leƙa ta maƙwabci. Kazarsu guda ce, shaho kuwa ya riga Malam. Ranar awo Malam ya shiga gonar da hantsi, har aka kira azahar bai kai tsakiya ba. Nan ne aka yi cacar bakin da kuka ji. Da ya gama, harajin da ya yanka musu ko dagaci sai ya yi gumi. Aka ce in ba su biya ba kafin kaka ta wuce, za a tasa ƙeyar Cindo zuwa haƙar kuza, can ƙasar duwatsu inda sanyi ke kashe mutum da rigarsa.

Cindo ya zauna ya rafka tagumi. "Shi ke nan, Tabawa. Ki yafe mini."

"Yafe maka me? Wa zai faskara mini itace? Tashi ka ba ni wuri!"

Ana nan sai Baturen lardi ya zo rangadi, wani dogo mai jan wuya da ake kira Mai Lema. Aka kafa masa kujera a gindin kuka, gari duk ya taru, Malam Barmo na gefe yana gyara rawani. Rana ta take. Bature ya share gumi ya ce, da irin Hausarsu ta cikin hanci:

"Sarkiii! Ina rua? Kawo rua masa-masa!"

Dagaci ya waiga, ya ga Tabawa tsaye da ƙwarya. Ya ce, "Yauwa, 'yar nan, hanzarta."

Tabawa ta ɗora ƙwarya a ka. Ta tura ciki gaba, ta karkace wuya, ta haɗe gira, sak Malam Barmo. Sannan ta taho: ɗis, ɗis, ɗis. Leɓenta na motsi wai ƙirga take.

Wata tsohuwa ta fara tuntsurewa da dariya. Kafin ka ce kwabo fili ya ɗauka, har dogari ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Bature kuwa maƙoshi ya bushe, ga ruwa yana gani, ruwa ya ƙi isowa.

"Me ya sami wannan mache? Kafa ba lafiya?"

Tabawa ta russuna ba ta tsaya ba. "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ba a ba ta kaza ba ne."

Sai wani shaƙiyyin mahauci ya fizgo kaza daga kwandon mai talla ya cilla mata. Tabawa ta cafe, ta soke ta a hammata, ta wage ƙafa: fau, fau! Sai ga ta a gaban kujera, rabin ruwan a kan takalmin Bature, kaza na kururuwa.

Mai Lema ya dubi kaza, ya dubi Malam Barmo. Malam ya ce wai fitsari ya matse shi. Gudun da ya yi ran nan, da gona yake aunawa da ba wanda zai biya ko anini.

Bature ya ce shi da kansa zai sake awon. Aka ɗunguma gonar Tabawa, ya buɗe zara-zaran ƙafafunsa, nan da nan ya fita ta wancan gefe. Haraji ya dawo ɗan mitsitsi, Cindo ya tsira. Ya faɗi yana ta godiya har da birgima.

Tabawa ba ta yi birgima ba. Tana duban gyaɗarta da takalmi ya murƙushe. Ta ce a hankali, irin a hankalin da ake ji har bakin rafi:

"To, gajeren taku mun biya, dogon taku mun biya. Ni dai tambaya nake: gonar uban wa ake takawa?"

Dagaci ya kama tari. Amma magana zarar bunu ce. Fatake suka ɗauki maganar tare da tafiyar, kasuwa zuwa kasuwa. In mutum biyu suka haɗu, ɗaya ya yi fau, fau, ɗayan ya amsa da fau, fau, to sun gane juna: sun gaji da haraji. Aka fara ƙin biya. Hukuma ta sa aka yi shela wai an hana dogon taku, sai ga dogarai na bin mutane da gudu ba sa cim musu. Da masu kiran mulkin kai suka zo garinmu za su yi mana bayani, suka tarar mun riga su nisa. Taron da aka kira a birni kuwa, mutanenmu a ƙasa suka tafi, suka riga mota isa, Tabawa a gaba da kazarta a hammata. Ranar da aka sauke tutar Turawa, an ce garin nan ba wanda ya taka ƙasa sau biyu a wuri ɗaya.

Shi ya sa har yau ɗan Kukar Dila bai iya ƙaramin taku ba. Amaryarmu takan riga 'yan rakiya shiga ɗaki. Jaririnmu ranar da ya fara tafiya sai a gidan maƙwabta ake tsinto shi.

Bara ma ma'aikatan filaye sun zo da wata na'ura mai ƙafa uku, suka kafa ta a gonar Baba Nomau, jikan Tabawa. Suka yi ta bayani cewa wannan ba ta kuskure, daga sama take gani. Baba ya zagaya ta, ya duƙa ya leƙa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe ya ce:

"To, madalla. Ita wannan, kaza take ci ko zabo?"