Daminar da Bushiya Ta Jira Izinin Shuka

To, ku matso kusa. Kai Barau, janye ƙafarka daga kan zanena. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani Zaki aka yi a wata ƙasa, ya daɗe yana sarauta, har waɗanda aka haifa a zamaninsa suka yi jikoki ba su san wani sarki ba sai shi. Ba ya ƙaunar ya ga wani ya taso kusa da shi. 'Ya'yansa maza, duk wanda geza ta fara fito masa sai ya kore shi daga ƙasar. Ƙaninsa kuwa tare suka fita farauta, Zaki ya dawo shi kaɗai. Wani tsohon Kunkuru ya taɓa tambayarsa cikin ladabi wa zai riƙe jama'a in ta Allah ta kasance. Daga ranar ba a sake ganin Kunkurun ba, ba a kuma sake yin tambayar ba.

Cikin dokokinsa akwai wadda ta fi kowace shiga jikin talaka. Ko ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ba mai sa iri a ƙasa sai Sarki ya fita gandunsa ya jefa ƙwayar farko. Sannan Gizo, da yake shi ne sankiran fada, ya kewaya da ganga yana shela a fita shuka.

A bayan gari akwai wata Bushiya, bazawara mai 'ya'ya uku. Mijinta manomi ne na gaske. Wata shekara ya ga ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, ya kasa haƙuri, ya yi shuka kwana guda kafin ganga. Dogarai suka zo, Kura ce shugabarsu, suka tafi da shi, tafiyar ke nan. A lokacin Bushiya tana da cikin 'yar autarta. Da ta haihu aka sa wa yarinyar Talle saboda maraici, ga ta 'yar firit, ba ta da ƙwarin jiki.

Ana nan, a ƙarshen wata bazara, Zaki ya kwanta bai tashi ba. Jama'a suka yi kuka a fili, suka shiga ɗaka suka yi hamdala. Ita Bushiya ba ta yi kuka ba. Ta ji ƙirjinta ya yi sakayau, amma murnar ba ta kai azahar ba, domin ana dawowa daga binne shi hadari ya taso, ruwan farko ya sauka. Kowa ya fito da sungumi ya tsaya a ƙofar gida yana kallon maƙwabcinsa. Wa zai jefa ƙwayar farko?

Manya uku ne suka ce su ne. Ga Toron Giwa sarkin yaƙi, ga Kura shugabar dogarai, ga Dila waziri. Zaki ya raba kawunansu tun yana da rai, ba wanda zai yarda ya sha ruwa a gidan wani. Gizo kuwa abin nema ya samu. Da safe yana gidan Giwa, da rana yana gidan Kura, da la'asar yana gidan Dila, kowanne ya durƙusa masa da tsamin bakin nan nasa: "Yanka ya daɗe, ai kai ne saykin gobe." Tuwo uku yake ci a rana, don me zai so a yi naɗi?

Bushiya ta duba rumbunta, abin da ya rage ba zai wuce kaka ba. Ta duba tulun irin geron da ta adana, ta dubi Talle. Ta tashi ta tafi wurin Gizo ta tambaye shi yaushe za a kaɗa ganga. Gizo ya ce wannan magana ta manya ce, amma zai kai ta gaban Giwa, sai dai ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Ta koma gida ta ɗebo ƙwarya guda daga cikin irin ta ba shi.

Giwa ya saurare ta yana kaɗa kunne. Ya ce ta yi haƙuri, nan da Juma'a rawani yana kansa. Amma ta sani, duk wanda ya yi shuka da izinin Kura, shi da kansa zai bi ta gonar ya tattake. Bushiya ta yi godiya ta koma gida ta zauna.

Juma'a ta zo ta wuce. Ruwa na biyu ya sauka, ya fi na farko. Bushiya ta sake ɗebo ƙwarya guda, Gizo ya karɓa ya kai ta gaban Kura. Kura ta ƙare mata kallo, ta yi dariyar nan tata mara daɗin ji.

"Ke ba matar mai gaggawar nan ba ce? Ashe gidanku ba a jin magana."

Bushiya ta durƙusa. Ta ce tuba take yi, tambaya kawai ta zo yi. Da ta koma gida ko ƙofa ba ta leƙa ba, ta dunƙule a lungu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Ruwa na uku ya sauka. Ciyawa ta rufe gonaki, ba ƙwayar hatsi ko ɗaya a ƙasa. Bushiya ta ɗebo ƙwarya ta uku da hawaye, aka kai ta gaban Dila. Shi kam ya karɓe ta da fara'a, har ya sa aka ba ta ruwa. Ya ce tambayarta mai kyau ce ƙwarai, sai dai kafin a san wanda zai yi shuka sai an san sarki, kafin a san sarki sai an san masu zaɓensa, su kuwa masu zaɓen marigayi ya daɗe da gamawa da su, yanzu ana shawarar wa zai zaɓo waɗansu. Ta fito ba ta san an ce mata e ko a'a ba.

Haka ƙasa duka ta zauna jiran gawon shanu har marka ta kankama. Tuwo ya koma sau ɗaya a gidan Bushiya. Ran nan ta ɗauki kwando ta zaga bayan dutse neman tafasa, inda ba kowa ke zuwa ba. Tana shan kwana sai ta tsaya cik. Gona ce shimfiɗe, gero kore shar, ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ga Ƙoƙi matar Gizo tana maimai, ga Gizo kwance a inuwa ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Irin da jama'a suke kai gaisuwa, har da nata, nan ya zo ya zuba shi tun ruwan farko.

Bushiya ta matso ta ce: "Gizo, wa ya ba ka izini?"

"Wa ya hana ni? Mai hanawa yana ƙasa, shu kuwa manyan nan junanshu shuke gadi, ba gonaki ba."

"Ka sani, ka bar mu muna zaune?"

"In na faɗa, wa zai kawo mini gaishuwa?"

Wayyo, jikokina, baƙin cikin da Bushiya ta ji ba ya faɗuwa. Ba cutar Gizo ce ta fi ƙona mata rai ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk kwanakin nan ba ƙofar da aka kulle mata, ba dogarin da ya tsaya a gonarta. Ta yar da kwandon ta ruga gida, ta karkace ɗan irin da ya rage a gindin tulu, ta ɗauki sungumi. Tana tafe tana kiran maƙwabta su fito, ba mai kama su. Kaɗan suka bi ta. Sauran suka ja ƙyaure suka rufe, suna cewa matar nan za ta jawo musu bala'i.

Ta share ciyawa, ta yi sara, manyan 'ya'yanta suna binta suna zuba iri, Talle tana goye a bayanta. Geron ya tsiro, ya tashi da saurinsa, Bushiya tana zuwa kullum tana lallaɓa shi. Ya yi kara, ya yi ciki. Yana shirin fid da kai ruwa ya ɗauke. Ta yi ta duban gabas, sama fes, ko gizagizai babu. Karan ya bushe a tsaye, zangarniya ba ƙwaya.

Yunwa ta shigo ƙasar. Gizo ya kwashe amfaninsa ya ɓoye a kogon dutse. Bushiya ta dafa ganye, ta dafa saiwa, ta dafa dusa, manyan yaran suka jure. Talle ba ta jure ba. Wata safiya uwar ta kwance goyo don ta ba ta ruwa, ta tarar rai ya yi halinsa.

Ta kai ta gefen gonar, tana haƙa busasshiyar ƙasa, sai ga ƙarar ganga daga gari. Ashe Giwa da Kura sun gwabza sun ji wa juna rauni, Dila ya haye gadon sarauta. Ga Gizo tafe yana shela, sabon Sarki ya fita gandu ya jefa ƙwayar farko, kowa ya fita shuka. Ya iso daidai gonarta ya ƙara ɗaga murya. Bushiya ba ta ɗago kai ba. Ta kwantar da 'yarta, ta mayar da ƙasa, ta daddanna da tafin hannu. Abin da gonar ta karɓa ta riƙe a shekarar ke nan. Ta kama hannun sauran biyun suka bar ƙasar.

Ke Tabawa, share hawayenki ki ji. Shugaban da ya hana kowa tasowa a ƙarƙashinsa, ya ƙi shirya wanda zai gaje shi, ko ya mutu bai gama cutar da jama'arsa ba, don tsoron da ya shuka yana nan yana mulki a madadinsa. Manya suna rigimar gado, macuci yana cika rumbu, talaka ne ke binne 'ya'yansa. Ku kuma in kun girma ku tuna, damina ba ta jiran naɗin sarauta.

Ƙungurus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya, ko da yake tatsuniyar yau, waɗanda suka ga jiya sun san ba duka ce ƙarya ba.