Sarki Tunau da Dokar Hana Baƙo Ruwa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a birnin Marmaro mai rijiyoyi masu sanyi, an yi wani ƙasaitaccen sarki mai suna Tunau, wanda Allah bai ba shi haihuwa ba sai 'ya ɗaya, Gimbiya Tabawa. Ranar sunanta, aljanar da ke riƙe da ruwan birnin ta bayyana a bakin rijiyar fada ta ce wa Sarki, "Baƙon da ya sha ruwa daga hannun yarinyar nan, shi zai hau gadonka kana da rai."

Maganar ta tsaya wa Sarki a wuya. Ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya ba baƙo ruwa, a bakin ransa. Kai, son mulki bai yi ba! Garin da tun kaka da kakanni ba a tambayar baƙo sunansa sai ya ajiye moɗa, shi ne fatake suka koma kewaye shi. Rijiyoyi suka yi ta ja da baya shekara da shekaru, har guga ya koma kwaso laka.

Da abin ya ishi Sarki, ya fita shi kaɗai, ya keta daji har kogon aljanar. Ya ce, "Ke kika rubuta mini wannan masifa!"

Ta ce, "Ni ba na rubutu, abin da aka nuna mini na faɗa. Na ga baƙo yana sha, ban ga inda aka ce ka hana ba. Ƙishin talakawanka aikin hannunka ne."

Ya juyo cike da takaici. Ya iso ƙofar birni a galabaice, rana ta ƙone shi har ba mai gane shi. Ya roƙi ruwa, masu gadi suka ce, "Baba, yi haƙuri, dokar Sarki ce." Nan ya zube. Wani bafatake mai suna Nomau ya tsiyaye masa ragowar salkarsa, da Sarki ya farfaɗo ya faɗi ko shi wane ne, Nomau ya goya shi har fada, sannan shi ma ƙishi ya kayar da shi.

Tabawa ta fito da moɗa, ta tsaya tana duban mahaifinta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ba baƙon nan?"

Sarki ya san abin da ke cikin moɗar nan. Idanunsa suka kawo ruwa, sannan ya ce, "Ba shi, 'yata. Wannan kam ni na zaɓa."

Nomau bai ajiye moɗa ba sai da rijiyoyi suka tumbatsa. Da kaka, bisa yardar Tabawa, aka ɗaura aurensu, Tunau ya naɗa wa Nomau rawanin sarauta da hannunsa. Tunau kuwa ya ƙare kwanakinsa a ƙofar birni da tulu a gabansa, yana tarar baƙi.