Mabuɗin Shagon Malam Bara'u

Wallahi ba za ku yarda ba, ni ma da na aikata har yau in na tuna sai in tsargu. Ni ne Ɗan'asabe, wanda ya bar makaranta a aji biyu don malamai sun kasa ɗaukar kaifin ƙwaƙwalwata. A duk Funtuwa ba a yi mai tsokana kamata ba.

Mu huɗu muka tashi a bencin shagon Malam Bara'u mai tsofaffin littattafai: ni, da Hambali mai gyaran waya, da Zubairu da ya yi koyarwa ya gaji, da Gambo mai shayi. Malam ba shi da ɗa, idonsa kuma ya tafi shekara shida ke nan. Amma yana da tsarinsa. In mai karatu ya rasu, iyalinsa suka kawo littattafansa, ba ya raba su. Kowane mamaci da kantarsa. Ka tambayi littafi, sai ya ce, "Yana wajen marigayi Alƙali, na bakwai daga hagu," ya miƙa hannu ya zaro.

Wata Juma'a aka ja shi masallaci, ya bar ni tsaron shago. Sai na ga ai hoto zai fi kyau in an jera su launi-launi. Na tara ja wuri guda, kore wuri guda, na ɗauki kaina bidiyo ina rawa. Na so in ga yadda tsoho zai yi, mu sha dariya.

Ba a yi dariya ba. Ya miƙa hannu wajen Alƙali ya zaro littafin girke-girke. Ya sake, ya zaro lissafi. Sai ya zauna a ƙasa ya ce, "Ido ya tafi na haƙura. Yau kuma hankali ya bi shi." Ya koma gida ya kwanta, ya daina cin abinci. An gaya masa hargitsa shagon aka yi, ya ce lallashinsa ake yi. Ni kuwa na rantse na ɗan fita ne aka yi abin, har ina taya su zagin wanda ya aikata.

Hambali ya ajiye aikinsa ya bi gari yana roƙon matattun wayoyi daga duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a shagon. Ya tashe su ɗaya bayan ɗaya, ya harhaɗa hotunan, har aka ga yadda kowace kanta take a da. Ba don shi ba, ba wanda ya san inda za a mayar da komai.

Amma hoto bayan littafi kawai yake nunawa, kuma ƙamus iri ɗaya ya kai goma. Zubairu ya hau tsani kwana goma sha biyu yana buɗe su, yana gane rubutun hannun kowane mamaci a gefen shafi. Ƙura ta tayar masa da asma, sau biyu ana sauko da shi a sume. Ba don shi ba, da an ba wani mamaci kayan wani, kuma yatsun Malam sun san bambanci.

Gambo bai iya karatu ba. Ya rufe teburin shayinsa ya tare a ɗakin Malam da kofin kunu. Kullum sai ya ce, "Baba, ni jahili ne, wa ke kanta ta uku? Kurɓi ɗaya, sannan ka faɗa mini." Da haka ya riƙe ran tsoho, cokali-cokali. Ba don shi ba, da an gama gyara shago an tafi jana'iza.

Ranar da aka kawo Malam shago, ya laluba kantar Alƙali, na bakwai daga hagu. Ya shinshina littafin, ya rungume, ya yi kuka.

Nan Hambali ya ce, "Baba, akwai saura." Ashe wayata da ta faɗa kwata na jefa a kwalinsa na matattun wayoyi, ita ma ya tashe ta. Ya kunna. Muryata ta cika shago: "Ku kalli aikin gwani!"

Malam ya ce, "Ɗan'asabe, ƙafata ba za ta sake ɗaukata zuwa nan ba, ka riga ka jawo mini wannan. Kullum bayan la'asar za ka zo gida ka karanta mini, daga kantar farko." Littafi dubu huɗu, jama'a! Wata biyar ke nan ina kan littafi na tara, yana gyara mini kowane layi, muryarsa kullum tana ƙara yin ƙasa.

Mabuɗin shago yana ƙarƙashin matashinsa. Ya ce mutum ɗaya zai ba, don shago mai mabuɗi uku ba ya kwana biyu, ya kuma ɗora mini tambayar duk wanda na gani wa ya cancanta, in fara da faɗin laifina. Na faɗa.

To, tsakanin Hambali da Zubairu da Gambo, wa za a miƙa wa mabuɗin?