Ranar da Kura Ta Zo Sayen Mota

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo mu ji ta, Inna!

To, ku ɗan ja baya daga wutar nan tukuna. Shi dai Bijimi, tun kakanninsa motar ɗaukar kaya suke ƙerawa, mai shan fetur. Da aka ce zamani ya koma lantarki, sai ya zage ya ƙera mai batir. Wata uku ba mai saye, har ya fara tunanin rufe maƙerar gado.

Jaki ya leƙa ya ce, "Baba Bijimi, ai batirin nan ya fi kayan nauyi."

Raƙumi ya ce, "In caji ya ƙare mini a tsakiyar daji, jikin wace bishiya zan jona?"

Sai ga Kura. Aka tayar mata da motar, ba ta ji ƙara ba. Ta lashe baki ta ce, "Wannan ko garken awaki na shiga, ba mai jin zuwana. Yaya sunanta?"

Bijimi bai iya ƙarya ba, ya ce, "Sunanta na da, a-kori-kura."

"A kori wa?" Kura ta zabura, ta yi daji ba waiwaye.

Ashe Akuya na bayan danga tana ji. Kafin la'asar awaki sun cika maƙera. Bijimi ya ce, "Ku sani fa, ba ta dogon zango."

Akuya ta ce, "Baba, mu ina za mu? Kasuwa ce, mu dawo. Kai dai rubuta mana sunan nan da manyan baƙaƙe, gaba da baya."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.